Kwalabe Uku a Hanyar Dapaong

Malam Alassani malamin kimiyyar fizik ne a wata makarantar sakandare a Sokodé. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyarwa kafin yajin aikin gama-gari ya rufe makarantu a ƙarshen 1992. Sai ya samu kansa zaune a gida a unguwar Didaouré, babu aji, babu alli, sai rediyo. Rediyon kuwa ba ya kawo abin da ke kwantar da hankali. Yau a ce an yi harbi a Lomé, gobe a ce mutane na tsallaka iyaka da kaya a ka.

Shi mutum ne da zama ke sa wa ciwon kai. A mako na uku ya tuna da wani abu da ya daɗe yana damunsa. Kowace shekara yana zana wa ɗalibai abin ajiye wutar lantarki a kan allo, layi biyu a tsaye da ɗan fili a tsakani, su kwafa, su haddace, amma babu ko ɗayansu da ya taɓa ganinsa da ido. Ya ce bari ya haɗa nasa.

Ya samo kwalaben lemon siro guda uku, ya wanke su tas. Ya tara takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin taba da ta shayi, ya lulluɓe jikin kowace kwalba da ita har zuwa kafaɗa, ya liƙe da ƙaro. Ciki ya zuba ruwan gishiri. Ya toshe bakin, ya soka doguwar ƙusa ta tsakiyar toshiyar, da siririyar waya da ta sauka cikin ruwan. Sai ya yanko bututun roba irin na famfo, kamu biyu, ya sayo guntun fatar rago mai gashi a wurin majema.

Idan ya goga bututun da fatar, wuta takan taru a jikinsa, irin wadda ke sa rigar nailan ƙara ƙas-ƙas idan ana tuɓe ta lokacin sanyi. Sai ya bi da bututun ta kan ƙusar, ya sake gogawa, ya sake bi, sau talatin ko arba'in. Kwalbar ce ke riƙe wutar. In ya kama jikinta da hannu ɗaya, ya kai yatsan ɗaya hannun kusa da ƙusar, sai a ji tas, ɗan tartsatsi shuɗi ya yi tsalle, hannunsa ya fizge har gwiwar hannu.

Matarsa Murja tana da ciki wata bakwai a lokacin. Tun tana yi masa dariya har ta saba. Tana tsince shinkafa a tsakar gida tana jinsa yana mita shi kaɗai: yau ya taɓa wuyan kwalbar da jiƙaƙƙen hannu wutar ta zurare, yau tururin tukunyarta ya ɓata masa aiki.

Dariyar ta ƙare ranar da aka jefa kwalbar fetur cikin wani shago kusa da kasuwa. Ba a san wanda ya jefa ba. Washegari aka fara raɗe-raɗin za a bi gidaje ana bincike, kuma malaman makaranta ne a gaba, don an ce su ke zuga matasa. Maƙwabciyarsu ta leƙo aron turmi, idonta ya sauka kan kwalaben da ke jere a gindin bango da ƙusoshinsu, ta fasa aron, ta fita ba sallama.

"Malam, ka fasa su," in ji Murja.

"Ruwan gishiri ne fa, Murja."

"Ni na sani. Wanda zai shigo da bindiga shi ma ya sani? Ka dube su da idon wani, ba naka ba."

Ya dube su. Kwalba, waya, ƙusa, ruwa a ciki.

A makon ne saƙo ya zo daga mahaifiyar Murja a Dapaong, cewa su taho ta haihu a gabanta, tunda ba wanda ya san yadda hanya za ta kasance nan da wata biyu. Suka sa ranar Laraba. Murja ta sake yi masa maganar kwalaben, ya ce ya ji. Ya ɗauke su zuwa bayan gida da niyyar fasawa. Ya ɗaga ta farko, sai ya tsaya. Wata biyu ya yi yana gyara su, kuma ta tsakiyar, wadda ta fi kowacce riƙe wuta, sai da ya sake lulluɓe ta sau huɗu. Ya kuma gaya wa kansa cewa ɓaraguzan kwalba da waya a bayan gida sun fi kwalba lafiyayya jawo zargi. Ya naɗe su cikin tsofaffin riguna, ya tura ƙasan akwatin littattafansa, da bututun da fatar. Bai zubar da ruwan ba, don sauri. Bai kuma gaya wa Murja ba.

Motar da suka samu ta wani direba ce mai suna Huseini, ɗan Nijar da ya daɗe yana bin hanyar arewa. Mutum goma sha huɗu ne a ciki. Murja aka ba gaba saboda cikinta. Kafin garin Kara an tsayar da su sau biyu, aka duba katin shaida, aka bar su. Duk lokacin da mota ta rage gudu sai Alassani ya ɗaga ido ya dubi rufin motar. Akwatin yana can sama ƙarƙashin tanti, amma ji yake kamar a cinyarsa yake.

Sun tsallake kogin Oti, sun wuce Mango da rana tsaka, har ya fara cewa a ransa an tsira. Kafin su kai Tandjouaré sai ga ganguna biyu da katako a gicciye kan kwalta. Mutum biyar ne cikin kaki, a inuwar wata bishiyar ɗorawa. Babbansu, wanda sauran ke kira Shef, gajere ne mai kauri, idonsa ja kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

"Kowa ƙasa. Kaya ma ƙasa."

Huseini ya yi ƙoƙarin yi masa magana a gefe, Shef ya ɗaga masa hannu. Aka sauke buhuna da kwanuka da akwatuna, aka jera bakin hanya. Wani dogon soja mai tabo a haɓa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan akwatin Alassani ya ɗaga littattafan, ya tura hannu ƙasa, ya zaro riga a naɗe. Ya warware ta. Sai ya ja da baya da sauri.

"Shef!"

Nan take aka ji ƙarar bindigogi ana gyara su. Wata tsohuwa cikin fasinjoji ta fara salati da ƙarfi. Aka kora kowa baya, aka jera kwalaben uku a kan kwalta, rana na haska takardar jikinsu.

"Na wa ne?"

Alassani ya ɗaga hannu. Bai iya duban inda Murja take ba, amma ya ji idonta a kansa.

"Durƙusa. Hannu a kai." Shef ya karɓi katin shaidarsa ya karanta. Hausarsa ta kasuwa ce, yana haɗawa da Faransanci. "Mushe ne kai, malamin makaranta. Sokodé. To. Wannan kwalba, shi ne me?"

"Kayan koyarwa ne, ranka ya daɗe. Na nuna wa ɗalibai yadda ake ajiye wutar lantarki."

"Lakwal, makaranta, a rufe yake wata uku. Wane ɗalibi?"

"Na haɗa ne kafin a buɗe."

"Kuran, wutar lantarki, a cikin kwalba." Shef ya juya ya dubi mutanensa. "Ina pil, ina batir? Ina wayar da ke zuwa bango? Kana ganin mu ba mu je lakwal ba, sai ka raina mu?"

"Wallahi ruwan gishiri ne a ciki. A buɗe a sansana."

"Ka buɗe ya tashi da mu?"

Kwalta ta fara ƙona wa Alassani gwiwa ta cikin wando. Ya ji Shef yana gaya wa ɗaya daga cikinsu da Faransanci a ɗaure shi, in motarsu ta zo a wuce da shi. Alassani ya san mutane biyu da aka wuce da su haka. Ɗaya ya dawo bayan wata guda ba ya ji da kunne ɗaya. Ɗayan har yanzu matarsa na bin ofisoshi.

Dogon sojan nan mai tabo, wanda ya ji ana kira Issifou, ya matsa kusa da Shef ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ya kai aji uku a sakandare kafin ya bari, kuma ya tuna an taɓa zana musu abu mai kama da wannan. Ya ce a bar malamin ya gwada, daga nesa. In ƙarya yake, ai ga shi a hannu.

Shef ya kaɗa katin a tafin hannunsa.

"Ɗauki ɗaya. Je can cikin gona. In ka yi wani abu da ban gane ba, za a harbe ka a wurin."

Alassani ya ɗauki ta tsakiyar, da bututun da fatar. Ya taka cikin gonar gero da aka girbe, kara na karyewa ƙarƙashin takalminsa, har sai da aka ce ya tsaya. Ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya tsuguna, ya fara goga bututun. Ya bi da shi ta kan ƙusar, ya sake gogawa. Yana ƙirgawa a zuci. Da ya kai arba'in ya kama jikin kwalbar, ya miƙa yatsa.

Babu komai.

Ya sake, wannan karon har sittin. Ya kai yatsa har ya taɓa ƙusar. Sanyin ƙarfe kawai ya ji.

"To?" Shef ya ɗaga murya daga bakin hanya.

"Ina zuwa, ranka ya daɗe."

Zufa ta keto masa har tana ɗiga daga haɓarsa. Kansa ya toshe. Abin da ya koyar shekara goma sha ɗaya, abin da ya yi kullum a tsakar gidansa, ya nemi ko kalma ɗaya daga ciki ya rasa. Sai goga yake yi kamar mai wankin tukunya.

"A jiƙe take!"

Muryar Murja ce. Ta fito daga cikin fasinjoji, hannu ɗaya a ƙugu, tana takowa a hankali. Wani soja ya daka mata tsawa, ba ta tsaya ba sai da ta zo gaban Shef.

"Ruwan ya zubo a hanya, ya jiƙa wuyanta. In ta jiƙe ba ta yi. Kullum haka yake faɗa a gida. Ga shi hannunsa ma duk zufa."

"Kai matarsa ne? Kai ma ka san wannan abu?"

"Ni na ce ya fasa su tun a Sokodé, bai ji ba. Amma ruwan gishiri ne. Gishirin miyata ya ƙarar."

Wani daga cikin sojojin ya yi ƙaramar dariya, ya haɗiye. Shef ya dube ta, ya dubi cikinta, ya kauce mata.

Ta iso wurin mijinta ba ta kalli fuskarsa ba. Ta cire mayafinta, ta karɓi kwalbar, ta goge wuyan da toshiyar, inda gishiri ya yi danshi yana ƙyalli. Ta goge bututun. Ta miƙa masa gefen mayafin ya goge hannuwansa.

"Shanya su a rana tukuna," ta ce a hankali. "Fatar ma ta sha zufarka."

Suka shimfiɗa komai a kan wani faffaɗan dutse mai zafi. Suka tsaya. Wata babbar mota ta iso shingen, aka tsayar da ita, mutanen ciki suka leƙo suna kallon mace mai ciki da namiji a tsakiyar gona, da bindigogi uku a kansu. Minti goma ne ko ƙasa da haka, amma Alassani ya ce daga baya bai taɓa yin jira mai tsawon wannan ba.

Da ya sake goga bututun, sai ya ji gashin hannunsa ya miƙe. Ya ji ɗan ƙas-ƙas lokacin da ya bi ta kan ƙusar. Ya yi hamsin, ya ce wa Murja ta matsa, ya kai yatsa. Tas! Hannunsa ya fizge.

"Ban ga komai ba," in ji Shef. Ya matso, amma ba sosai ba. "Kowa yana iya tsalle."

Gaskiyarsa ne, rana ta yi ƙarfi, tartsatsin bai fito ba. Alassani ya ce sai dai wani ya taɓa da kansa. Issifou ya fara tura bindigarsa baya zai zo, Shef ya tare shi.

"Ni zan taɓa."

Alassani ya so ya rage yawan gugar, ya kuma ji tsoron kada Shef ya ce bai ji komai ba. Ya yi talatin da biyar. Ya nuna masa inda zai riƙe. Shef ya kama jikin kwalbar da hagu, ya miƙo ɗan yatsan dama yana ɓata fuska.

Ƙarar ta fi ta ɗazu, don kwalbar ta ƙara bushewa. Shef ya yi wani ihu, ya saki kwalbar, ya ja baya har hularsa ta faɗi. Kwalbar ta bugi dutsen ta tarwatse. A daidai lokacin ɗaya daga cikin sojojin da ke bakin hanya ya saki harsashi. Sama ya tafi, amma fasinjoji duk suka zube ƙasa, Alassani ya rungumo Murja ya durƙusar da ita.

"Tsaya! Tsaya!" Shef ke ihu, yana yarfe hannu. Ya zagi wanda ya yi harbin. Ya tsaya yana duban yatsansa, gaba da baya. Sannan ya tsuguna, ya dangwali ruwan da ke gangarowa kan dutsen, ya sansana, ya ɗan lasa. Ya tofar.

Bai yi dariya ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya sa aka kwashe sauran kwalabe biyun da bututun. Ya tambayi gidan da za su sauka a Dapaong, ya rubuta a ɗan littafi, ya sa katin Alassani a aljihu.

"Wannan yana wurina. Ku tafi."

Daga nan har Dapaong ba wanda ya yi wa Alassani magana a motar. Huseini ya sauke musu kaya a tasha, ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye gaba, amma in za ka koma ka nemi wata motar."

A gidan surukarsa aka kai Murja wurin ungozoma a ranar, don mararta ta riƙe tun daga gonar. Aka ce ta kwanta, kada ta ɗaga ko buta. Kwana uku ba ta ce masa komai ba sai amsa gaisuwa. A rana ta huɗu ya zauna bakin gadonta ya ce ta yafe masa.

"Da ka gaya mini, da na zubar da ruwan na naɗe su cikin tukwane," ta ce. "Ba ɗauko su da ka yi ne ya fi ci mini rai ba. Barina da ka yi na zauna a gaban mota ina hira, ban san abin da ke bisa kaina ba."

Alassani ba shi da kati, don haka ko kasuwa ba ya zuwa. Yana zaune a zaure, duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai ya miƙe tsaye.

Ranar ta tara, da hantsi, babur ya tsaya. Issifou ne, cikin kaki, bindiga a baya. Matan da ke tallan ƙosai a gefen gidan suka kwashe kayansu. Wahabu, yayan Murja, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

Issifou ya yi sallama, ya zauna kan benci, ya zaro katin ya ajiye a tsakaninsu, amma bai ɗauke yatsansa daga kai ba.

"Mushe, Shef ya aiko ni. Kwana takwas yana goga bututun nan. Da hula, da tawul, da bargo. Kwalba ba ta yin komai. Yana so ya nuna wa manyansa, ya riga ya ba su labari. Yanzu ya ce wai cire asirin ka yi kafin ka ba shi. Ransa a ɓace yake."

Alassani ya tuna fatar ragon. A ruɗewar ranar ya tura ta aljihun rigarsa, ba wanda ya kula. Ya shiga ya ɗauko.

"Ya ce ka rubuta yadda ake yi, dalla-dalla."

Har Wahabu ya juya zai kawo takarda, Alassani ya riƙe shi. Takarda da rubutun hannunsa, mai bayanin kwalba da waya da ƙusa, a aljihun mutumin da bai san inda za ta ƙare ba.

"Rubutu ba zai yi ba," ya ce. "Abin na hannu ne. Bari in nuna maka, kai ka nuna masa."

Ya samo guntun bututu a bayan gida, ya koya masa riƙo da guga, ya nuna masa yadda ƙananan takardu ke tsalle su manne. Ya ce a shanya komai a rana, a goge wuyan kwalba, kada mai zufa ya taɓa, a yi a cikin ɗaki mai duhu in ana son ganin tartsatsin, kada kuma a wuce guga talatin. Ya sa shi ya maimaita sau uku. Issifou ya maimaita ba kuskure, ya naɗe fatar ya sa a aljihu, ya ture katin zuwa gabansa.

"In bai yi ba fa?" Alassani ya tambaya.

Issifou ya ɗaga kafaɗa. "Ya san gidan."

Da la'asar Wahabu ya ɗauki Alassani a babur zuwa wani ƙauye nesa da hanyar Tandjouaré, wurin abokinsa mai sayen gyaɗa. Can ya zauna mako bakwai, yana taya auna buhuna, yana jiran saƙo duk ranar kasuwa. Ba wanda ya sake zuwa gidan. Ba su taɓa sanin ko kwalbar ta yi wa Shef aiki ba, ko an canja masa wuri ne, ko ya manta.

Murja ta haifi 'ya mace a ƙarshen watan Maris. Saƙon ya iske Alassani kwana biyu bayan haihuwar, ya shigo Dapaong a bayan motar gyaɗa, ya iso ana gobe suna.